Dan Allah shawara: an kawo maganar yi wa Babanmu aikin cire taimos, shekararsa 68, yana da mayasteniya

Ƴar Baba ta rubuta:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Dan Allah ina neman shawarar wanda ya san wannan ciwon ko ya taɓa jinyar mai shi, don wallahi kanmu ya kulle a gida. Babanmu ne, shekararsa 68, tsohon malamin firamare ne ya yi ritaya, muna Kano. Wajen wata 14 da suka wuce muka fara lura fatar idonsa na hagu tana saukowa, da safe lafiya lau, amma daga la'asar sai ka gan shi kamar mai jin barci, har ta kai sai ya sa yatsa ya ɗage fatar in zai duba Alƙur'ani. Daga baya ya ce yana ganin abu bibbiyu. Mu mun zaci hawan jini ne ya taɓa shi, wasu dangi suka ce iska ce, wasu suka ce hannu aka sa masa, ba irin abin da ba a faɗa ba. Ranar da hankalinmu ya tashi sosai ita ce ranar da Umma ta ga yana cin tuwo ya tallafe haɓarsa da hannu, loma uku huɗu muƙamuƙin ya gaji, ya kurɓi ruwa ruwan ya dawo ta hanci. Mutumin da shi yake jan sallah a masallacin layinmu, yanzu kafin ya kai ƙarshen Fatiha muryar ta koma ta hanci, da kansa ya ja baya ya ba wani.

Mun sha yawo kafin aka tura mu wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, aka ɗebi jini aka aika, sakamako ya dawo aka ce yana da antibodi na AChR, wato wani sinadarin garkuwar jiki da ya juya yana hana saƙon jijiya isa ga tsoka, ciwon sunansa mayasteniya girabis. Aka ɗora shi kan Mestinon 60 sau huɗu a rana da firednisolon. Alhamdulillah ya samu sauƙi sosai, yana cin abinci yana zuwa masallaci, amma fa firednisolon ɗin ya zo da nasa, suga ya hau wanda da ba shi da shi, fuska ta kumbura, hawan jinin ya ƙi zama, ga rashin barci, kuma duk sanda aka rage masa ƙwayar sai idon ya fara dawowa.

To shi ne wani likita ya ce akwai wata kaluluwa a bayan ƙashin ƙirji ana ce mata taimos, in aka cire ta wasu suna samun sauƙi har a rage musu magani. Da muka je wurin wani likitan kuma ya ce a shekarun Baba shi bai ga amfanin a taɓa shi ba. Yayanmu ya dage sai an fita da shi Indiya ko Masar, har ya fara maganar sayar da filinsa, Umma kuma ta ce ba wanda zai tsaga mata ƙirjin miji tana raye. Ni ce a tsakiya, ni nake kai shi asibiti ni nake ba shi magani, kuma ni ban san wanne ne daidai ba. Akwai wanda aka yi wa iyayensa wannan aikin da girma haka? Ya aka kwashe?

Abban Sadiya ya rubuta:

Allah sarki, Allah ya ba Baba lafiya ya sa kaffara ne. Ni dai ba likita ba ne amma gaskiya ina bayan Umma, shekara 68 ga suga ga hawan jini a ce za a buɗe ƙirji? Ku ci gaba da magani da addu'a kawai.

Likitan Jijiya ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƴar uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka miki da alheri. Ni likita ne a wannan ɓangaren, ina aiki a Ingila. Ban ga Baba ba don haka ba zan yanke muku hukunci daga nan ba, amma akwai abu guda da ban gani a rubutunki ba kuma a kansa komai ya rataya: an yi masa hoton siti na ƙirji? Ba eksire ba fa, siti sikan.

Ga dalili. A cikin masu wannan ciwon, kashi 10 zuwa 15 cikin 100 suna da ƙari a cikin taimos ɗin, ana ce masa taimoma. In akwai shi to maganar ta canza gaba ɗaya, ana cire shi ne saboda shi kansa ƙarin, don yana iya girma ya ci abin da ke kusa da shi, rigar zuciya da huhu da manyan jijiyoyin jini, kuma shekaru kaɗai ba sa hana aikin matuƙar jikin mutum zai ɗauka. Malam Abban Sadiya ka yi haƙuri, a nan kam ba zan bi ka ba, in akwai ƙari zama a gida ba shawara ba ce. Eksire na yau da kullum yana iya nuna ƙirji fes alhali ƙarin yana nan a ɓoye bayan ƙashi.

In kuma babu ƙari, nan ne likitocinku biyu suka rabu, kuma kowanne da abin da ya riƙe. Taimos makaranta ce ta sojojin garkuwar jiki, a nan ake koya musu bambance jikin mutum da baƙo. A yarinta take da ƙarfi, daga balaga sai ta fara motsewa kitse yana maye gurbinta. A matasa masu mayasteniya, musamman mata ƴan 20 zuwa 40, sau da yawa za ka tarar ta kumbura tana ta haifar da antibodin da ke toshe wurin da jijiya take isar da saƙo ga tsoka, shi ya sa cire ta yake da ma'ana. A dattijon da ciwon ya same shi bayan 60 kuwa, yawanci abin da ya rage a wurin kitse ne da ɗan ɓurɓushi, to ka ga in ka cire ba lallai ka cire tushen abin ba.

Aikin ba sabo ba ne. Tun 1936 wani likitan tiyata mai suna Alfred Blalock a Amurka ya cire wa wata budurwa ƙari a taimos ta samu sauƙi, aka ci gaba da yi shekara da shekaru ana gardama a kai, sai a 2016 aka fitar da gwajin da aka raba marasa lafiya ta ƙuri'a, sunansa MGTX, a mujallar New England Journal of Medicine. Mutum 126, duk ba su da ƙari, duk suna da antibodi na AChR, ciwon bai kai shekara 5 a jikinsu ba. Rabi aka yi musu aiki tare da maganin sitiroyid, wato dangin firednisolon, rabi magani kaɗai, aka bi su shekara 3. Waɗanda aka yi wa aiki sun fi ƙarfin jiki, sun buƙaci sitiroyid kaɗan, waɗanda ciwon ya tasar wa har aka kwantar a asibiti kashi 9 ne cikin 100 a cikinsu, a ɗaya ɓangaren kashi 37. Sakamako mai kyau ƙwarai, kuma ina jin shi likitanku na farko ya tuna. Amma dubi su wa aka sa a gwajin: daga shekara 18 zuwa 65 ne, kuma akasarinsu mata ne masu shekara 30 da ɗoriya, waɗanda suka haura 50 ba su da yawa. Baba a 68 ko shiga gwajin ba zai yi ba. Shi ya sa da ƙwararrun duniya suka sabunta shawararsu a 2020, masu shekara 18 zuwa 50 suka ce a yi tunanin yi musu aikin da wuri. Sauran kuma a duba shi in an gwada magunguna yadda ya kamata sun ƙi, ko illarsu ta fi ƙarfin mutum.

To an gwada yadda ya kamata a kan Baba? Daga abin da kika rubuta ni ban gani ba tukuna. Matsalarsa a yau firednisolon ce, kuma akwai magungunan da aikinsu ke nan, su riƙe ciwon a samu a sauke sitiroyid a hankali, kamar azatayofirin ko maikofenolet. Azatayofirin yana da jan lokaci, wata 6 har shekara kafin a ga cikakken aikinsa, ana bin sa da gwajin jini da na hanta, kuma in Baba yana shan alofurinol na ciwon gaɓɓai lallai ku faɗa wa likita don haɗa su yana da haɗari. Shi ma aikin ku sani ba a tashi daga gadon tiyata a warke, amfaninsa watanni ne har shekaru kafin ya bayyana, kuma ana ci gaba da shan magani.

Abu ɗaya dan Allah, kada wani ya tsayar masa da firednisolon farat ɗaya saboda suga. Likita ne zai sauke shi mataki mataki.

Ƴar Baba ta rubuta:

Likita na gode Allah ya ƙara basira. Yanzu na zazzage fayil ɗinsa kaf, eksire ne kawai guda biyu, an taɓa rubuta mana sitin tun farko amma lokacin kuɗin gwajin jinin ya cinye mu, da ya samu sauƙi kuma sai maganar ta bi ruwa ba wanda ya sake tambaya. Wallahi jikina ya yi sanyi. Gobe in sha Allah zan koma a sake rubutawa.

Sista Mai Dare ta rubuta:

Ƙanwata kar ki zargi kanki, yanzu ma ba a makara ba. Ni nas ce, na daɗe a ɗakin kulawa ta musamman, bari in faɗa miki ɓangaren da mu muke gani. Abin da muke tsoro ga mai mayasteniya bayan tiyata ba ɗinkin ba ne, numfashi ne. Tsokar da ke jan numfashi ita ma tsoka ce, tana gajiya kamar yadda fatar ido take gajiya, kuma magungunan da ake sakar da jiki da su lokacin sa barci suna kama su fiye da sauran mutane. Akwai wanda za a cire masa bututu a ranar ya tashi lafiya, akwai wanda zai kwana biyu uku a kan injin numfashi, kuma dattijo in ya daɗe a kan inji nimoniya ba ta da nisa. Shi ya sa ba a yin aikin nan a guje, sai ciwon ya lafa, wani ma sai an fara yi masa ƙarin ruwan IVIG, wato antibodin da aka tace daga jinin masu ba da jini, ko wankin jini na musanya fulasma.

Duk inda za ku je, gida ne ko waje, ku tambaya ba kunya: sau nawa likitan yake yin irin wannan aikin, ta tsaga ƙashin ƙirji zai yi ko ta ƴan ƙananan huji da kyamara ta gefen haƙarƙari, akwai gado da injin numfashi da aka ware masa, akwai IVIG a ƙasa in abu ya rikice cikin dare, kuma wane likitan jijiya ne zai bi shi bayan an dawo. Wannan na ƙarshen shi mutane suke mantawa, a kashe dukiya a fita waje a dawo da takardu, wata biyu ciwo ya motsa a rasa wanda ya san zancen.

Kuma ko an yi aiki ko ba a yi ba, ga abin da nake roƙonki ki rubuta a kati ki sa masa a aljihu. Allurar jentamaisin, sifuro da danginsa da ake bayarwa da an ce taifot, azitiromaisin, kunin da kulorokwin na zazzaɓin cizon sauro, allurar magniziyam, da wasu magungunan hawan jini da zuciya irin su furofanolol, duk suna iya tayar da ciwon. Na taɓa karɓar wata baiwar Allah da ke zaune lafiya da maganinta, zazzaɓi ya kama ta aka kira mai kemis ɗin unguwa ya yi mata allura, kwana biyu aka kawo ta ko yawunta ba ta iya haɗiyewa, muna ta zuƙe mata da inji. Ta tashi alhamdulillah amma ta sha wuya. Ba a ce kar a yi maganin maleriya ko ciwon sanyi ba fa, barinsu ma yana tayar da ciwon, a dai bar likitan da ya san yana da mayasteniya ya zaɓa.

Ki riƙa sa shi ya ja numfashi guda ya ƙirga da ƙarfi, in ya saba wuce 20 yau ya tsaya a 12 ko 13, ko ya kasa kwanciya rigingine, ko wuyansa ya kasa riƙe kai, ko yana ƙwarewa da yawu, asibiti kawai, ko ƙarfe nawa ne. Kar wannan ɗan abin awon iskar oksijin da ake maƙalawa a yatsa ya ruɗe ku, yana iya nuna 97 alhali mutum ya kusa gajiya.

Maman Haidar ta rubuta:

Ƴar uwa karanta naki sai da na yi hawaye don kamar labarin gidanmu. Hajiyarmu tana da 71 aka gano nata, ita kam da aka yi sitin sai ga ƙarin nan, likitan ya juyo mana da kwamfuta ya nuna mana, wani dunƙule kamar ƙwan kaza a gaban zuciya. Mu ma gida ya rabu biyu, ƙannenta suka ce a bar ta ta ƙarasa kwananta da jikinta cikakke, sai da likitan ya zaunar da mu ya ce shi ba alƙawarin warkar da mayasteniya yake mana ba, ƙarin zai cire tun bai kama maƙwabtansa ba. Wannan maganar ce ta sa muka yarda. An yi mata gwajin zuciya da na hura iska, aka yi mata ƙarin ruwan nan kwana biyar, sannan aka shiga da ita, kuma nata tsagawa aka yi saboda girmansa.

Ba zan ɓoye miki ba satin farko akwai wuya. Ta kwana a kan inji, da aka dawo da ita ɗaki tari ne abin tsoronta, sai ta rungume filo a ƙirji ta runtse ido kafin ta yi, ga nas ta tsaya a kanta ta ce dole sai ta yi tarin don kar majina ta kwanta a huhu. Kusan wata biyu ba ta ɗaga ko buta cike ba, sallah a zaune, mu muke tashinta mu kwantar. Yanzu shekara uku ke nan, tana zuwa ana duba ta da hoto, ƙarin bai dawo ba. Amma har yau tana shan Mestinon ɗinta da ƙaramin firednisolon, in ta gaji idon yana ɗan sauka. Na faɗa miki wannan ne don yayanku, in yana tunanin za a je a yanke a dawo da Baba kamar da ya zubar da magani, gara ya sani tun kafin filin ya tafi. Da a ce ba a ga komai a hoton Hajiya ba ni kam ban san ko za mu yarda ba, ina jin ba za mu yarda ba.

Ɗan Bincike ya rubuta:

Likita ni kuma akwai abin da na karanta, a 2023 wasu masu bincike a Bostan ta Amurka sun duba manya da aka cire wa taimos, suka ga cikin shekara 5 waɗanda suka rasu kashi 8.1 ne, waɗanda aka yi wa aikin ƙirji ba a cire ba kashi 2.8, kuma ciwon daji ma ya fi yawa a cikin waɗanda aka cire wa. Wannan ba ya nuna aikin ma cutarwa yake ba?

Likitan Jijiya ya rubuta:

Haka ne an buga shi, kuma ya sa mu duka mun sake tunani, don da ana ɗaukar taimos ɗin babba kamar ba ta da sauran aiki. Amma irin binciken nan na waiwayar tsofaffin fayiloli ne, ba raba mutane aka yi ta ƙuri'a ba, kuma wanda aka cire wa taimos dama akwai ciwon da ya kai shi ga haka, to da wuya a rarrabe laifin ciwon da laifin aikin. Har yanzu ana gardama a kai. Bai hana a cire taimoma ba, bai kuma goge abin da aka gani a matasa ba. Abin da na ɗauka a ciki shi ne kar a cire ta a banza, a ce ai tsoho ne ba ya buƙatarta. A dattijo marar ƙari sai a ce mene ne ribar da muke sa rai, a auna ta da zuciyarsa da huhunsa da sugansa. Akwai dattawan da ake yi wa ta ƙananan huji su tashi lafiya, ban ce haramun ne ba, amma ba shi ne matakin farko ba.

Tsohon Maraɗi ya rubuta:

Salamu alaikum. Jikana ne ya karanta mini wannan zance na ce ya rubuta abin da zan hwaɗi. Ɗiyata, ni mai ciwon ne da kaina, shekarata 70, ya kama ni ina 64. Har Yamai na tahi aka yi mini hoton ƙirji ba a ga komi ba, likita ya ce mu bi magani, aka haɗa mini da wannan azatayofirin. Wata takwas ina sha ban ga komi ba har na so in bari, daga baya a hankali aka yi ta rage ɗayan, yanzu ƙwaya guda ƙarama nake sha da sahe. Ban warke ba amma ina zuwa kasuwa ina zuwa gona in duba yara. Na koyi zamana da shi. In zan ci abinci sai na sha Mestinon da kamar rabin awa, nama da rana nake ci ba da dare ba, hura mai kauri ta hi mini ruwa tsararo sauƙin haɗiya, lokacin zahi kuwa tsakar rana ba ni hita don zahi yana kashe mini jiki. In maganin ya murɗa mini ciki ko ya sa ni zawo ina gaya wa likita a gyara, ba na ƙarawa ko ragewa da kaina.

Amma ba wannan ya sa na ce a rubuta ba. Na ji kin ce yayanku ya ce, Umma ta ce, likita ya ce. Ban ji mi Malam ya ce ba. Lokacin da nawa ya yi tsanani haka ɗiyana suka riƙa yi, su taru a zaure suna shawara a kaina ina ɗaki ina jinsu, don bakina ya yi nauyi sai suka ɗauka hankalina ma ya yi nauyi. Ciwon nan ba ya taɓa hankali ko kaɗan. Wannan ya hi ciwon ci mini rai. Mutumin da ya koyar da yara shekaru, ya ja mutane salla, ya san abin da yake so. Ki same shi da sahe lokacin da muryarsa take da ƙarhi, ki zauna ki karanta mishi duk abin da likitan nan da malamar asibitin nan suka rubuta, kar ki rage komi, sannan ki yi shiru ki saurara. Ƙirjinsa ne. Ki gaishe mini da shi, ki ce wani ɗan uwansa a Maraɗi yana yi mishi addu'a.

Ƴar Baba ta rubuta:

Salam ƴan uwa, ku yi haƙuri kwana biyu shiru, mun karɓo sakamakon. Alhamdulillah babu ƙari, likitan hoton ya rubuta kitse ne kawai a wurin, likitan jijiyarmu ma ya duba da kansa. Wallahi a bakin ƙofar na zauna na yi kuka.

Baba na Maraɗi, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, maganarka ta shige ni don gaskiya ka faɗa, wata 14 ban taɓa tambayarsa ba. Ranar Asabar bayan ya karya na shiga na zauna na karanta masa komai tun daga sama, har wurin injin numfashin ban tsallake ba. Ya sa na maimaita masa wurin shekarun mutanen gwajin nan sau biyu, ka san malami. Sai ya ce in da an ga ƙari da shi da kansa zai ce a yi, ko Umma ta yi kuka zai lallashe ta. Tunda babu, yana so a ba maganin nan mai jan lokaci haƙƙinsa tukuna, in shekara ta zagayo ba a iya sauke firednisolon ba ko sugan ya ƙi, a dawo a sake zama, kuma a lokacin ma yana so ya ga likitan tiyatar ido da ido ya yi masa tambayoyinsa. Ya kira Yaya a waya da kansa ya ce kar a taɓa filin. Yaya bai ji daɗi ba, har yanzu yana ganin muna ɓata lokaci ne kuma gaba shekarun ƙaruwa za su yi ba raguwa ba, kuma ni ma wannan tana damuna ba zan ce ba ta damuna ba, na rubuta ta cikin abin da zan tambaya.

An ɗebi jinin hanta da na ƙwayoyin jini da gwajin ciwon hanta na B da na tarin fuka kafin a fara azatayofirin ɗin, alofurinol kuma ba ya sha na duba. An haɗa mu da likitan suga. Sista katin nan na rubuta guda uku, ɗaya a aljihunsa ɗaya a jakar Umma ɗaya na kai wa mai kemis ɗin layinmu da hannuna. Ƙirgen ma mun fara, yau da safe ya kai 27, da yamma 22, ina rubutawa a bayan littafin awon sugansa.

Saura tambaya ɗaya Likita, shi ya ce in yi maka ita. Mestinon ɗin sau huɗu ne a rana kuma biyu a ciki tsakar rana suke faɗowa, yana tambaya ya zai yi da azumi in Allah ya kai mu, don bara bai samu yi ba kuma abin yana ransa. Ranar Laraba za mu koma asibiti zan tambayi likitansa, amma yana so ya ji naka ma.